Kiwon sojojin jiki: sabon maganin kansar fata da inda ya shafe mu

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar lafiya za mu yi. Ina roƙon ku bi ni a hankali, don akwai 'yan sunaye masu nauyi a baki, amma labarin kansa ba shi da wuyar ganewa.

Ranar 16 ga Fabrairun 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, kamar dai NAFDAC a wajenmu, ta amince da wani magani mai suna Amtagvi. Wannan magani ba za ka same shi jere a kan kanta a kemis ba, don kowane majinyaci nasa daban ake yi masa. Daga jikin mara lafiyar ake ciro shi. A yanko ɗan nama daga ƙarin da kansa ta yi masa, a tsamo sojojin garkuwar jikinsa da ke ciki, a yi kiwonsu kwana 22 har su kai biliyoyi, sannan a mayar masa da su ta jijiya su je su yaƙi cutar. Cutar kuma ita ce melanoma, wadda ta fi kowace kansar fata kisa. Farashin da kamfanin ya sa a 2024, dala 515,000 ga mutum ɗaya.

Na san wani zai ce, to malam, kansar fata ai ta Turawa ce, mu ina ruwanmu? Ka riƙe wannan tambayar, za mu zo kanta, kuma amsar tana tafin ƙafarka.

Mu fara da cutar. A fatar kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin da ke samar da launi. Su ne suka sa wani baƙi, wani wankan tarwaɗa, wani fari. Idan waɗannan ƙwayoyi suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, shi ne ake samun melanoma. Matsalarta ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin jini da hanyoyin kaluluwa ta tafi huhu, ta tafi hanta, ta shiga ƙashi, har ƙwaƙwalwa. A Amurka, idan aka gano ta tun tana kan fata ba ta motsa ba, kusan 99 cikin 100 na masu ita suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan ta riga ta bazu zuwa wasu sassan jiki, adadin yakan faɗo zuwa kusan 35 cikin 100. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, duk shirin nan a kansu yake.

Sai garkuwar jiki. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi da muke ce wa sojojin jiki. Wani rukuni nasu ana kiransu ƙwayoyin T. Aikinsu sintiri ne. Duk ƙwayar da suka tarar sai sun duba alamar da ke jikinta, kamar yadda ake duba katin shaida a shingen bincike. Idan alamar ta gida ce su wuce, idan baƙuwa ce su kashe ta. Ƙwayar kansa 'yar gida ce da ta lalace, shi ya sa take da wuyar kamawa. Amma melanomar da zafin rana ya jawo tana tara sauye-sauye masu yawa a ƙwayoyin halittarta, har kamanninta su fita daga na 'yan gida. Don haka sojojin suna gane ta, suna kuma kutsawa cikin ƙarin su fara faɗa.

To me ya sa ba su cin nasara? Abu biyu. Na farko, ba su da yawa. Na biyu, kansa tana da wayo. Jikin mutum ya yi wa sojojin nan birki don kada su riƙa afka wa lafiyayyun sassa, ita kuma kansa ta koyi taka wannan birkin. Sai ka ga soja yana tsaye a gaban abokin gaba, ya gane shi sarai, amma ya kasa ɗaga hannu.

Masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, su suka gano yadda za a saki birkin, kuma aikin ya ba su kyautar Nobel a 2018. Daga nan aka samu magunguna irin su ifilimumab a 2011, da fembrolizumab da nibolumab a 2014. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, a 2015 yana da shekara 90 aka gano melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka yi masa gashi, aka ba shi fembrolizumab. Mutumin nan bai rasu ba sai Disambar 2024, yana da shekara 100. Amma ba kowa ke dacewa irin tasa ba. Kusan rabin majinyata ko dai maganin bai yi musu aiki ba tun farko, ko ya yi na ɗan lokaci cutar ta dawo. Waɗannan mutanen, da ƙofofi suka rufe musu, su ne ake yi wa kiwon sojoji.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1968, wani matashin likitan tiyata mai suna Steven Rosenberg yana aiki a asibitin tsofaffin sojoji kusa da Boston, sai aka kawo wani dattijo da ciwon matsarmama. Da ya duba fayil ɗinsa sai ya ga shekara 12 da suka wuce an taɓa buɗe mutumin, aka tarar da kansar ciki ta bazu har hanta, aka cire abin da za a iya cirewa, aka sallame shi ya je gida ya jira ajali. Ba a ba shi wani magani ba. Rosenberg ya buɗe shi don cire matsarmamar, ya laluba hantar da hannunsa, babu ko alamar kansa. Jikin mutumin da kansa ya cinye ta. Tambayar da ta riƙe Rosenberg tsawon rayuwarsa kenan: idan jiki ɗaya ya iya, yaya za a yi a sa na sauran su iya?

A 1974 ya zama shugaban sashen tiyata a Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka da ke Bethesda, jihar Maryland, wadda da kuɗin gwamnati take aiki. A 1976 wasu masana a cibiyar suka gano wani sinadari da jiki ke fitarwa mai sa ƙwayoyin T su hayayyafa, wanda daga baya aka sa wa suna intalukin-2. Ku ɗauke shi a matsayin taki. Rosenberg ya fara gwaji a kan majinyatan da aka fidda rai da su. Mutum 66 a jere, babu wanda ƙarinsa ya ragu. Ku yi tunani fa, 66. Ta 67, wata sojar ruwa ce mai melanoma da ta bazu, a ƙarshen 1984. Ƙarinta ya narke gaba ɗaya, kuma bayan shekara talatin tana nan da ranta.

Daga nan sai ya ce, maimakon mu ɗebo sojoji daga jini, inda mafi yawansu ba su taɓa ganin kansar ba, me zai hana mu ɗebo waɗanda suka riga suka shiga cikin ƙarin? Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san fuskar abokin gaba. Likitoci na kiransu TIL a taƙaice, ma'anarsa sojojin da suka kutsa cikin ƙari. A 1988 ya wallafa sakamakon farko: cikin majinyata 20, ƙarin mutum 11 ya ragu. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa, don sojojin da aka mayar ba su jimawa a jiki suke ɓacewa. Sai a 2002 tawagarsa ta nuna gyaran da ya sauya komai: kafin a mayar da sababbin sojoji, a fara ba majinyaci kemo mai ƙarfi da zai share tsofaffin da ke jikinsa. Kamar sharar gona ce kafin shuka. Idan ciyawa ta cika wuri, yabanya ba ta samun abinci. A wani rahoto da suka fitar a 2011, cikin majinyata 93, mutum 20 kansarsu ta ɓace ƙurmus, kuma 19 daga cikinsu sun haura shekara uku ba ta dawo ba.

Daga 1988 zuwa 2024, shekara 36 kenan kafin abin ya zama maganin da hukuma ta sa wa hannu.

Yanzu bari in bi da ku yadda ake yi, mataki-mataki, don a nan za ku gane inda kuɗin yake tafiya.

Da farko likitan tiyata zai yanko wani ɓangare na ƙarin, aƙalla faɗin santimita ɗaya da rabi. A sa shi cikin ruwa na musamman mai sanyi, a tura shi ta jirgi zuwa masana'antar kamfanin Iovance da ke Filadelfiya. A can a yayyanka shi ƙanana, a zuba cikin ruwan abinci mai intalukin-2. Sojojin sai su riƙa fitowa daga cikin naman suna hayayyafa. Bayan 'yan kwanaki a ƙara musu wasu sinadaran da za su zaburar da su, su yi ta ninkuwa. A kwana na 22 an samu tsakanin biliyan 7.5 zuwa biliyan 72. A gwada su a tabbatar suna da rai kuma babu ƙwayar cuta ko ɗaya da ta shiga, a daskarar da su, a mayar asibiti. Duk wannan a ɗaki ne da ake tace iskarsa, wutar lantarki ba ta ƙiftawa, ma'aikata kuma sun rufe jikinsu ruf. Ƙwayar cuta ɗaya ta faɗa ciki, aikin ya lalace, kuma ba za ka ari na wani ka ba wani ba.

Shi kuma majinyaci, mako guda kafin a mayar masa, za a fara ba shi kemo: kwana biyu na saiklofosfamaid, kwana biyar na fuludarabin. Sannan a ɗaura masa jakar sojojinsa kamar ƙarin ruwa, sau ɗaya tak. Bayan haka a bi shi da allurar intalukin-2 har zuwa sau shida don sojojin su kama ƙasa.

Ba na so kowa ya bar shirin nan da tunanin abu ne mai daɗi. Wahala ce ta gaske. Kemon yana kai jinin mutum ƙasa warwas, ya zama ba shi da garkuwa na kwanaki, sai an yi ta ƙara masa jini. Intalukin yana kawo zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, faɗuwar bugun jini, ruwa ya taru a huhu, ƙoda ta galabaita. Dole a yi shi a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman a kusa. A takardar gargaɗin maganin kanta an rubuta cewa cikin mutum 160 da suka shiga gwajin, 12 sun rasu ta dalilin da ke da alaƙa da jinyar.

Sakamako fa? Cikin majinyata 73 da FDA ta dogara da su, 23 ne ƙarinsu ya ragu sosai ko ya ɓace, wato kashi 31.5 cikin 100. Uku daga ciki ya ɓace gaba ɗaya. Cikin 23 ɗin nan, goma sun kai shekara guda cutar ba ta motsa ba. Wani zai ce ai ɗaya cikin uku ne kawai. Haka ne. Amma ka tuna waɗannan mutane ne da aka gwada musu duk abin da ake da shi ya ƙi. Ga wanda aka ce wa ya je ya yi wasiyya, ɗaya cikin uku ba ƙaramin abu ba ne.

To mu zo kan kuɗi. Dala 515,000. Mu ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce, ya kama sama da naira miliyan 770. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke karɓar wannan, ko bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba, sai ya yi sama da shekara 900 yana tarawa. Kuma wannan kuɗin jakar sojojin ce kaɗai. Ba a sa tiyata ba, ba a sa kemo ba, ba a sa intalukin ba, ba a sa kuɗin gado na makonni ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sojojin na majinyacin ne, daga jikinsa aka ciro su. Binciken da ya haifar da dabarar kuma, shekara da shekaru da kuɗin harajin jama'a aka yi shi a cibiyar gwamnati. Ban ce kamfani bai yi aiki ba. Sun rage kwanakin kiwon, sun gano yadda za a daskarar a yi jigila, sun biya kuɗin gwaji. Amma tambayar ita ce, dole ne sai ta wannan hanyar?

Amsa ta zo daga Holan da Denmak. A Cibiyar Kansa ta Holan da ke Amstadam, ƙarƙashin Farfesa John Haanen, da asibitin Herlev a Denmak, ƙarƙashin Farfesa Inge Marie Svane, likitoci sun yi kiwon sojojin a ɗakunan gwaje-gwaje na asibitocinsu da na cibiyar jini ta Holan, da tallafin gwamnati da na ƙungiyoyin yaƙi da kansa. Suka ɗauki majinyata 168, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 84 aka ba su sojojinsu, 84 aka ba su ifilimumab. Sakamakon ya fito a Disambar 2022. A ɓangaren sojoji, 49 cikin 100 ƙarinsu ya ragu, a ɗaya ɓangaren 21 cikin 100. Waɗanda kansar ta ɓace musu gaba ɗaya, 20 cikin 100 a nan, 7 cikin 100 a can. Tsawon lokacin da cutar ta tsaya ba ta ci gaba ba, wata 7.2 a nan, wata 3.1 a can. A farkon 2023 gwamnatin Holan ta sa wannan jinya cikin inshorar lafiya ta kowa da kowa. Wato shekara guda kafin Amurka ta amince da nata, ɗan Holan mai wannan cuta yana samun jinyar ba tare da ya sayar da gidansa ba.

Indiya ma ta yi irin haka a wani fanni makusanci. Akwai wata jinya mai suna CAR-T ta kansar jini, inda ake ciro ƙwayoyin T a gyara musu halitta a mayar. Ta farko a Amurka ta fito a 2017 a kan dala 475,000. Masana a Cibiyar Fasaha ta Bombay da asibitin kansa na Tata suka haɗa kai suka yi tasu, NexCAR19, hukumar ƙasar ta amince da ita a Oktoban 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Kun ga ashe farashi ba daga sama yake faɗowa ba. Ya danganta da wanda ya mallaki ɗakin kiwon da kuma dalilin da ya sa ya gina shi.

Yanzu mu koma kan tambayar nan, ina ruwanmu?

Gaskiya ne baƙar fata ba ta cika kamuwa da melanoma ba. A Amurka, Bature ɗaya cikin 33 zai same ta a rayuwarsa, baƙar fata kuwa ɗaya cikin 1,000. Launinmu yana kare mu daga rana. Amma a ƙasar dai, sama da 90 cikin 100 na Turawan da suka kamu suna kai shekara biyar, baƙar fata kuwa kusan 70 ne. Ba mu cika kamuwa ba, amma idan muka kamu mun fi mutuwa. Babban dalili, tamu ba ta fitowa inda ake nema. Tana fitowa inda launi ya yi ƙaranci: tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Kuma ita wannan ba ruwanta da rana.

Kun san Bob Marley. A 1977 aka ga wani baƙin ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa. Da farko an ɗauka rauni ne na ƙwallo, don mutum ne mai son tamaula. Da aka gwada sai aka ga melanoma ce. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, bai yarda ba, aka cire farcen da naman wajen kawai. A Satumbar 1980 ya yanke jiki ya faɗi yana motsa jiki a Niyok, aka duba aka ga ta kai ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Ya rasu ranar 11 ga Mayun 1981 a Miyami, yana da shekara 36. Mutumin da ke da kuɗi da suna da likitocin duniya a hannunsa kenan.

A asibitocin koyarwa na Najeriya, rahotannin likitoci sun daɗe suna nuna abu ɗaya: mafi yawan melanomar da ake gani a ƙafa take, musamman tafin ƙafa, kuma mutane na zuwa ne bayan ta yi nisa. Kun san yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Baba ya ga baƙin tabo a dunduniya, ya ce tawadar Allah ce, ko ƙaya ce ta karye a ciki. Ya fashe ya zama gyambo, a ce faso ne ya yi tsanani. A je kemis a wanke a ɗaure. Ya ƙi warkewa, a ce ai taka wani abu ya yi, jifa ne. Wanzami ya tsaga, a shafa garin magani. Sai an ga kaluluwa ta fito a matsematsi, ƙafa tana wari, sannan a nemi motar asibiti.

Sannan ga maganar nan da kowa ya taɓa ji, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Na fahimci inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai wani asibiti, an yi masa aiki, bayan wata uku ya rasu, sai suka ɗora wa wuƙar likita laifi. Amma wannan mutumin shekara biyu ya yi da ciwon a gida, kafin a kai shi ta riga ta isa hanta. Melanomar da aka kama da wuri, wuƙar ce maganinta. A yanke ta da ɗan naman da ke kewaye, a ɗinke, sau da yawa shi kenan. Aiki ne da likitocin tiyata ke iya yi a Kano, a Zariya, a Sakkwato, a Maiduguri, a Yamai, a Damagaram. Tsakanin wannan ƙaramar tiyata da jinyar naira miliyan 770, jinkiri ne kawai.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu sani. Irin melanomar tafin ƙafa ba ta tara sauye-sauye da yawa kamar wadda rana ta jawo, don haka sojojin jiki ba su saurin gane ta, kuma magungunan sakin birki ba su yi mata aiki kamar yadda suke yi wa ta Turawa. Galibin waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen nan a kansu kuma farar fata ne. Ko da yau wani attajiri ya ce zai biya maka, maganin ba da ƙafarka aka auna shi ba. Shi ya sa bincike a kan namu majinyatan, da namu likitocin, ba ado ba ne.

Kada in manta da 'yan uwanmu zabaya. Su fatarsu ba ta da launin da ke kare mu, don haka rana tana yi musu illa kai tsaye, kuma kansar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su tun suna matasa. Tasu galibi wani nau'i ne daban, ba melanoma ba, kuma wannan sabon magani ba don ita aka amince da shi ba. Abin da suke buƙata mai araha ne: man kariya daga rana, malafa, riga mai dogon hannu, aikin da ba na tsakar rana ba, da likitan da zai duba fatarsu a kai a kai ya cire tabo tun yana ƙarami.

Gargaɗi ɗaya kafin in zo ga buƙatunmu. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai 'yan damfara su ari kalmominsa. Za ka ga ana tallar garin magani ko shayi a WhatsApp, wai yana ƙara sojojin jiki, yana sabunta ƙwayoyin halitta, yana kashe kansa. Kun dai ji abin da ake sha kafin a yi na gaskiyar: tiyata, kwana 22 a ɗaki mai tacacciyar iska, kemo, sashen kulawa ta musamman. Babu sacet ɗin da zai yi wannan. Kuɗinka zai ci, ya kuma ci maka watannin da ka fi buƙata.

To me muke nema, mu matasa? Ni dai ba zan ce gwamnati ta sayo Amtagvi gobe ba. Kuɗin mutum ɗaya zai yi wa ɗaruruwa tiyatar farko. Ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa tambayar 'yan majalisarmu da kwamishinonin lafiya.

Na ɗaya, ma'aikatan asibitocin matakin farko su samu horon gane tabo da gyambon da ke da alamar tambaya, su kuma san inda za su tura mutum. Na biyu, duk naman da aka yanka daga jikin mutum a kai shi gwaji, sakamako kuma ya fito cikin kwanaki, a kan kuɗin da talaka zai iya. Ana cire ƙari a jefar a kwandon shara, mutum ya koma gida bai san me aka cire masa ba. Na uku, asusun tallafa wa masu kansa na gwamnatin tarayya ya fara ne da kansa uku, ta mama, ta bakin mahaifa, da ta furostet ta maza. A faɗaɗa shi ya haɗa da ta fata. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan sakin birki na melanoma cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Na huɗu, a Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi har yau muna wajen kashi biyar.

Na biyar kuma shi ne na dogon zango. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da kiwon sojoji ke buƙata shi ne ma'ajiyar jini mai inganci, ɗakin gwaji mai tsafta, wutar da ba ta ɗaukewa, sashen kulawa ta musamman, da ƙwararrun da aka riƙe da albashi mai kyau don kada su tsere waje. Waɗannan su ne dai abubuwan da dashen ɓargo ke buƙata, kuma mu ne ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara nasa a 2024. Ashe ba gagara ya yi ba. Ɗakin da aka gina don yaro mai sikila, shi ne tubalin da wata rana za a yi kiwon sojojin mai kansa a kai. Ku da kuke karanta kimiyyar ƙwayoyin halitta, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da haɗa magunguna, ana ce muku kwas ɗinku ba shi da kasuwa, wannan aikin da hannun irinku ake yin sa a Amstadam da Bombay.

Kafin mu kai can, ga aikin da ba ya buƙatar sa hannun kowa. Yau da daddare ka duba tafin ƙafarka, da tsakanin yatsu, da dunduniya, da farce. Sannan ka je ka duba na Baba da Inna da Kaka, don cutar ta fi kama manya, kuma su ba su iya lanƙwasawa su gani. Abin da za ka nema: sabon baƙin tabo, ko tsohon da ya fara girma ko sauya kama. Tabon da gefensa ba daidai ba, ko mai launi fiye da ɗaya, ko wanda ya fi gindin fensir faɗi. Baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi ko ya malalo kan fatar gefen farcen. Da yawanmu muna da siraran layuka a farata da dama tun tuni, wannan ba abin tsoro ba ne, wanda ke sauyawa shi ne abin dubawa. Sai gyambon da ya kai wata biyu ana magani bai warke ba, ko da ba ya zafi. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a wuce babban asibiti, a ce wa likita ana so a ɗauki naman a gwada. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a jira bayan girbi.

A nan za mu dakata. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda iyayensu ke ƙauye suna noma ba takalmi, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.